Ranar Da Aka Kai Mama Ganin Duwatsu

Shafi na 14

Barkanmu da warhaka. Masu cewa na bar su tsaye a ƙofar gida mota na kunne, ku yi haƙuri, ga shi mun kama hanya.

*

Har suka gangara Kugbo Nafeesa ba ta kawo komai a ranta ba.

Tana baya ita da Mama, yayanta Badaruddeen na tuƙi. Shi ya kira ta a waya ya ce ta baro Sheda ta zo, ranar Asabar zai fitar da Mama shan iska. Wai likita ya ce mai ciwon mantuwa yana samun sauƙi idan ya ga wuraren da ya sani da ƙuruciya. To za su bi ta Keffi su wuce Akwanga, ta ga duwatsun garinsu ko daga nesa ne, su ci kifi a hanya, su juyo kafin magariba.

Daɗi ya kama Nafeesa har ta yi ta sa masa albarka. Rabon da ta ga Yaya Badar ya zauna kusa da Mama ya yi mata hira tun kafin azumi.

Damina ta zauna sosai. Suna fita daga cunkoson Mararaba sai gari ya buɗe, duwatsu suka fara bayyana can nesa, kore shar, hadari ya kwanta a kansu kamar an lulluɓa musu mayafi. Mama ta manna goshinta da gilashi tana kallo. Can sai ta fara waƙar nan ƙasa ƙasa.

Waƙar coci ce, da yarensu na kan dutse.

Kowa a gidan ya san Hajiya Lantana ba da wannan sunan aka haife ta ba. Justina ce, ta musulunta ta auri babansu marigayi Alhaji Ilyasu tun tana budurwa, ta je Makka, ta yi musu tarbiyya har ana kwatance da su. Ba a taɓa jin yaren a bakinta ba sai da ciwon nan ya zo. Ya kwashe sunayen jikokinta, ya kwashe Fatiha rabi da rabi, ya bar mata waƙoƙin da ta koya tana yarinya.

Badaruddeen ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.



A Uke suka tsaya, wajen masu gasa kifi a bakin titi. Matar da ke gashin ta tarbe su da fara'a tana ce wa Badaruddeen oga, tana rantsuwa kifin nan yanzu ya fito ruwa, ko numfashi bai gama ba. Suka zauna kan benci a ƙarƙashin rumfa. Nafeesa na cire wa Mama ƙaya tana ba ta a baki, sai Mama ta kai hannu ta ture kwanon yaji, ya zube mata a zani.

Makullin motar na kan tebur. Nafeesa ta ɗauka ta ce bari ta ɗauko ruwa da tsumma a but ɗin motar.

Badaruddeen ya miƙe da sauri har benci ya yi ƙara. Ya ce ta bari shi zai ɗauko.

Ta riga ta danna.

But ɗin ya ɗaga a hankali, ita kuma ta tsaya kamar an dasa ta.

Katifar Mama ce a naɗe, an ɗaure ta da igiya. Ga jakar bakko cike da zannuwanta, ga bokitin wankanta, ga fitilarta mai caji, ga magungunanta leda guda, irin wanda ba a saya don tafiyar wuni ɗaya. Can ciki buhun shinkafa da katan ɗin lemo.

Ta zuge jakar. Ta tura hannu har ƙasa, ta birkita, ta sake birkitawa. Zani, riga, ɗankwali, suwaita. Babu hijabi ko ɗaya. Babu sallaya. Babu carbin da Mama ke kwana da shi a hannu ko da ba ta san me ake ja da shi ba.

Ta juyo. Yana tsaye a bayanta, hannu a aljihu, yana kallon motocin da ke wucewa.

"Yaya, ina za ka kai ta?"

"Rufe but ɗin nan, Nafi. Mutane na kallo."

"Su kalla. Na ce ina za ka kai ta?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta manyan ofis idan ƙaramin ma'aikaci ya dame su. Ya ce wajen ƙaninta zai kai ta, Kawu Dominic. Ta ɗan zauna can ta huta, iska mai kyau, mutanen da suke jin yarenta. Ya ce ba wai har abada ba ne.

"Da katifa?"

Ya sake juyawa wajen titi.

"Shan iska da katifa, Yaya? Ka kira ni na baro aikina, na yi mata wanka, na shafa mata mai, na ɗaura mata ɗankwali, ashe shirya ta nake ka je ka jefar?"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba."

Nan fa ya fara. Muryarsa ba ta tashi ba, amma jijiyar wuyansa ta fito. Ya tambaye ta ko ta ga bidiyon. Ta gani mana, waye bai gani ba. Ranar da Mama ta sulale daga gida da la'asar, ta je ta tsaya a ƙofar masallacin unguwarsu a Gwarinpa ana tsaka da sahu, ta ɗaga hannu sama ta rera waƙarta har ƙarshe. Wani ya ɗauka ya saka a gurup ɗin unguwa. Ya ce tun ranar idan ya shiga masallaci sai a matsa masa wuri fiye da yadda yake buƙata. Ya ce 'yarsa Kauthar ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana ce mata jikar 'yar coci.

Nafeesa ta ce ai Liman da kansa ya zo har gida ya ce an ɗauke wa Mama alƙalami, Allah ba ya kama wanda hankalinsa ya gushe.

"Liman ya faɗa. Liman ne zai bi gida gida ya rufe bakin mutane?"

"To saboda bakin mutane za ka ɗauki uwarka ka kai ta inda ba wanda zai ce mata lokacin salla ya yi?"

"Sallar da rabonta da ita tun yaushe?"

"Jiya ta bi ni magariba."

"Ta bi ki. Kamar yadda take bin mai shara idan ya wuce."

Maganar ta doke ta a ƙirji. Ta ji idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye, don ta rantse ba zai ga hawayenta ba yau.

Ta tambaye shi sallayar fa, me ta tsare masa da bai sako ta ba. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce bai so su shiga gidan mutane da abin da zai sosa musu rai.

Dariya ta kufce mata, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Ka ji tsoron ɓata ran mutanen masallaci, ka ji tsoron ɓata ran mutanen coci. Ran Mama ne kawai ba ka ji tsoro ba."

Shi ma nan ya fusata. Ya ce ita da bakin magana? Ita da take zuwa ranar Asabar da ledar ayaba, ta ɗauki hoto da Mama ta saka a waya a yi ta mata addu'a, Lahadi ta koma Sheda ta yi barcinta. Ya ce ta taɓa wanke katifar nan da take magana a kai? Ta taɓa zagaya Gwarinpa a ƙafa tana tambayar masu gadi ko sun ga wata tsohuwa? Matarsa ta bar shagonta na Wuse ta zauna gadin ƙofa, har yau ba wanda ya ce mata sannu.

Nafeesa ta ce to ya ba ta ita, za ta tafi da ita Sheda.

Ya ce a ɗaki ɗayan? Idan ta tafi aiki wa zai riƙe ta? Ko so take a kira su a ce tirela ta bi ta kan wata tsohuwa a titin Lokoja?

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ƙona ta.

Ta ce Kawu Dominic ɗin da ko a hoto ba su taɓa ganinsa ba, ya yarda? Sai ya fara kame kame. Wai akwai wani masinja a ma'aikatarsu ɗan garin su Mama, shi ya kai saƙo cewa 'ya'yan Justina za su zo gaisuwa. Sauran magana idan an zauna za a yi. Ai jini ne, kuma ga ɗan abin da ya riƙo musu.

"Wato shi ma ba ka gaya masa ba."

"Ba a irin wannan maganar a bakin ɗan aike."

"Ni ka yi min ƙarya, shi ka yi masa ƙarya, ita kuma ka ce ai ba ta san komai ba."

Ta damƙe makullin a hannunta ta ce wallahi ba inda motar nan za ta sai Abuja.

Sai mai kifi ta ƙwala musu kira tana nuna titi. Mama ta tashi daga benci, ta kama gefen hanya, ta miƙe sak wajen da duwatsun suke, takalmi ɗaya a ƙafa. Da gudu suka cim mata. Nafeesa ta riƙo ta, Mama ta dube ta da fuska a sake, ta ce su yi sauri mana, rana na yi, ga gida can ana gani.

Rabon da Nafeesa ta ga wannan hasken a idonta har ta manta.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta jefa wa Badaruddeen makullin a ƙirji.

"Mu je ta gani. Amma ina raye ba mai sauke katifar nan."

 Ya tayar da mota.

*

Daga Keffi har Akwanga Badaruddeen tuƙi kawai yake. Rediyon ma ya kashe.

Da suka saki kwalta suka hau jar hanya, sai duwatsun suka matso kamar za su taɓa gilashi. Wani dutsen ya hau kan wani ya zauna a karkace, ka ce yanzu zai gangaro, ga shi kuwa tun kakanni yake a haka. Ruwa na zubowa daga can sama fari tas, ya ɓace cikin kurmi, ya sake fitowa a ƙasa ya ratsa hanya. An yi wa jikin tsaunin gonaki hawa hawa, acca ta yi luf, iska na kaɗa ta. Sanyi mai ƙamshin ƙasa ya cika motar.

Wuri ne da in da lafiya Nafeesa za ta ce a tsaya ta yi hoto. Yau ji take kamar ta rufe wa Mama ido.

Don Mama ta zama wata daban. Ta gyara zama, tana nuna kowane dutse tana kiran sunansa da yare, sannan ta juya da Hausa ta ce a nan suke tsinkar ɗinya, a can wata akuyarsu ta taɓa maƙalewa. Matar da ke ɓata tsakanin ɗakinta da banɗaki, ita ce da suka zo mararraba ta dafa kafaɗar Badaruddeen ta ce direba ya bi hagu, dama rafi ya cinye ta.

Ya bi hagu. Ta madubi ya kalli Nafeesa, irin kallon kin gani ko.

Ta kawar da kai. Haushinsa take ji, da haushin kanta, har da haushin duwatsun da suka san Mama fiye da ita.

Garin ɗan ƙarami ne a gindin tsauni, gidajen ƙasa da rufin kwano, da coci mai farin fenti a tsakiya. Suka tambayi gidan Dominic aka nuna musu. Wani dattijo ne siriri, furfura ta cinye kansa, yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Nafeesa na ganin goshinsa ta gane shi ne. Goshin Mama ne sak.

Suka bar Mama a mota, suka fito.

Badaruddeen ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi jama'a. Dattijon na amsawa a taƙaice, bai ce a kawo tabarma ba, bai ce a kawo ruwa ba. Ganin shirun ya yi yawa sai Badaruddeen ya tashi ya buɗe but, wai ya sauke shinkafa.

Idon dattijon bai tsaya kan shinkafa ba.

"Wannan katifa na wanene?"

Badaruddeen ya fara jero bayani. Rashin lafiya, shawarar likita, yadda take yawan ambaton gida, yadda suka ga ya dace yayarsa ta ɗan zo ta zauna cikin 'yan'uwa.

Kawu Dominic ya ajiye fartanyar a hankali.

"Ba ni da yaya. Justina ya mutu. Ni na haƙa ramin da hannuna."



Da Hausarsa ta mutanen dutse ya ba su labarin, yana yi yana nuna bayan gida da haɓa. Ranar da Justina ta bi ma'aikacin da ya zo awon hanya, wato Alhaji Ilyasu, baban su Dominic bai yi kuka ba, bai yi zagi ba. Tara dangi ya yi, ya miƙa wa Dominic fartanya, lokacin ko gemu bai fara ba. Aka haƙa kabari sosai irin na babban mutum. Aka saka rigarta ta zuwa coci da ƙwaryar da take cin abinci, aka mayar da ƙasa, aka kafa gicciye. Aka yi zaman makoki. Daga ranar ba a sake kiran sunanta a gidan ba, sai uwarsu da ta kira sunan a bakin mutuwa. Ya ce shi da kansa ya saɓa wa babansu ya je har Abuja don ya faɗa mata, aka bar shi tsaye a bakin get, aka ce masa Hajiya ba ta nan.

Nafeesa ba ta taɓa jin wannan ba. Ta kalli yayanta, shi ma bakinsa a buɗe.

Dattijon ya miƙe tsaye. Bai kai kafaɗar Badaruddeen ba, amma sai da Badaruddeen ya ja baya.

"Lokacin da yana da ƙarfi, yana dafa muku, yana goya ku, naku ne. Yanzu kai ya lalace, ya zama namu? Ka kawo mini shinkafa. An ce maka yunwa muke ji a nan?"

"Kawu, ba haka..."

"Kar ka ce mini kawu. Yau ka san hanya."

Nafeesa ta matso da sauri ta durƙusa. Ta ce Baba ya yi haƙuri, ita ba da saninta aka yi wannan shirin ba, a hanya ta gani. Ta ce ba za su bar masa kowa ba, da uwarsu suka zo kuma da ita za su koma yanzun nan. A ranta har wani sanyi ta ji. Ga wanda ya tsaya wa Yaya Badar, ga magana ta ƙare.

Sai suka ji ƙarar murfin mota.

Mama ce ta fito. Ba ta dafa komai ba, ba ta nemi hannun kowa ba. Ta tako tsakar wurin tana duba mangwaron, tana duba rumbu, ta tsaya a gaban dattijon ta ƙare masa kallo.

"Domi."

Ta ci gaba da yare, da muryar faɗa irin ta babbar ya. Ba su ji me ta ce ba, sai dai sun ga ta nuna awakin da ke yawo a bakin gona, ta kama kunnensa ta ɗan ja.

Dattijon da ya gama tsawa yanzu, sai ga shi ya sunkuyar mata da kai. Ya ɗaga hannu kamar zai ture nata, hannun ya tsaya a sama. Ya juya musu baya ya fyace hanci da gefen riga, ya daɗe a haka.

Da ya juyo idonsa ja wur. Ba Mama ya kalla ba, su ya kalla, kuma fushin bai tafi ko'ina ba.

Ya ce su buɗe kunne su ji, don ba zai maimaita ba. Shi ba zai kori wadda ta goya shi ba. Amma gidan nan ba asibiti ba ne, ba kuma wurin ajiya ba ne da za a kawo kaya a dawo a ɗauka.

"In ya shiga ƙofar nan, Justina ne. Ranar Lahadi da shi za mu je coci. Ranar da Allah ya kira shi, ramin nan na baya za mu buɗe, da ma nashi ne. Ba mai zuwa mini da mota ya ce zai ɗauki gawa. In Hajiya ne kuma, ku sa shi a mota yanzu, kar in sake ganin ku."



Nafeesa ta juya ga yayanta. Jira take ya buɗe baki, ya ce a'a, ya ce uwarsa ce, ya ce ko me mutanen Gwarinpa za su faɗa su faɗa. Yana tsaye jikin but, hannunsa ɗaya a kan igiyar katifar. Bai sauke ba, bai kuma cire hannun ba.

"Yaya, ka yi magana."

Ya kalli ƙasa.

"Yaya Badar, kana ji fa. Ko sallar gawa ba za ka yi mata ba."



Ta bar shi ta ruga. Mama ta riga ta kai bakin ƙofar gidan, tana shafa jikin katangar da tafin hannu. Nafeesa ta cafko wuyan hannunta da hannu biyu, muryarta na karyewa, ta ce Mama ta zo su koma, yamma ta yi, ta zo ta ga jikokinta, ita ce Nafi, autarta.

Mama ta dube ta sama da ƙasa, da tausayi, yadda ake duban ɗan wani da ya ɓata a kasuwa.

"Yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Sake ni, Babana na jira na."

Ta zare hannunta, ta ɗaga ƙafa ta ɗora a kan dokin ƙofar.